A BINCIKI ƘASA KAFIN A AZA TUBALI A DUTSE

Ran 27 ga watan Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga cikin Kano, aka mai da Dutse babban birninta. Wanda ya san garin kafin wannan rana, sa'ad da yake Garu ce da 'yan unguwanni a gindin duwatsu da gonakin dabino, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. Gine-gine sun cika Takur da Fagoji da Yalwawa da Ɗanmasara, suna ta miƙawa wajen Shuwarin. An kafa Jami'ar Tarayya a 2011, an buɗe filin jirgin sama a 2014. Wannan duka abin godiya ne ga Allah, ba mu da abin cewa sai sambarka.

Amma fa gari ba ya girma sai ya ci ƙasa. Kowane bene da muke gani, an fasa dutse an kawo masa tsakuwa. Kowace hanya, an haƙa rami an ɗebo mata jar ƙasa. Motocin da suka yi jigilar kuwa a gindin itace aka kwance injinansu, aka tsiyaye baƙin mai a ƙasa. Abin da aka bari a baya shi ne ramukan fasa dutse, da kududdufai, da filayen makanikai, da rumfunan masu gyaran batir, da juji. A dā duk waɗannan a bayan gari suke, ba wanda ya kula da su. Yau bayan garin ya zama tsakiyar gari, kuma waɗannan wurare su ne filayen da za a yanka gobe a yi gidaje da makarantu da kasuwanni. To, abin da muke so mu duba tare da masu karatu shi ne, me ya kamata a yi wa irin wannan ƙasa kafin a ɗora mata gini, kuma aikin wane ne?

ƘASA BA TA MANTUWA

Ƙazanta iri-iri ce. Akwai wadda take ruɓewa ta zama taki, kamar kashin dabbobi da sharar gida, wannan manomi ma nemanta yake yi. Akwai wadda take daɗewa, amma a hankali ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa suna cinye ta in sun sami iska da laima, kamar baƙin mai. Sa'an nan akwai wadda ba ta ruɓewa har abada, watau dangin ƙarfe masu guba, irin su dalmar da ke cikin batir da kuromiyam da ake jima da shi a masana'antun fata. In dalma ta shiga ƙasa, ko shekara ɗari aka yi tana nan, sai dai iska ta kwashe ta cikin ƙura, ko ruwa ya kai ta wani wuri. Ciyawa za ta fito a kai, a share, a yi fegi, a kira magina, ba mai ganin komai, alhali kuwa gubar tana kwance tana jira.

Abu biyu suka sa wannan ya fi damunmu a nan. Na farko, sunan jihar ma ya gaya mana irin ƙasarta: jigawa ce, mai yashi, wadda ba ta riƙe ruwa. Abin da aka zubar a kan laka yakan tsaya a sama, amma a kan yashi zurarewa yake yi ya gangara, ga shi kuwa mutane da yawa rijiya da burtsatse suke sha. Na biyu, mu ƙasa ita ce ɗakinmu. Da ita muke buga tubali, da ita muke yaɓe, a kanta ake shanya hatsi, a kanta yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Bature yana taka ƙasa da takalmi ya shiga gidan katako, mu kuwa cikinta muke kwana. Wanda ya ɗebi ƙasar gini daga kududdufin da aka wanke guba a ciki, ya ɗauko gubar ke nan ya yi bango da ita.

ABIN DA YA SAMI ZAMFARA

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba a san dalili ba. Da aka bincika sai aka ga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gidaje ana daka su, ana niƙa su, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna da bakin rijiyoyi. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu, ga shi dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, ko ya rayu yakan tashi da rauni wajen fahimta.

Abin lura shi ne yadda aka yi maganin. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani ya koma ya zauna kan ƙasar da ta sa masa cuta, sai an gyara gidan tukuna. Saboda haka aka bi gida gida a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, mutanen garin da kansu suna kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, ana zubawa a buhuna, ana kaiwa wani rami da aka tanada a binne, sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka sami kuɗin gyara ta. Watau asibiti ya jira magini. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma abin da ke zo mana daga maƙwabta. Kano ta shahara da jima tun zamanin da ayari ke kai fatunta ƙetaren Sahara, amma jimar dā da bagaruwa ake yi, abin da ya fito daga itace ya koma ƙasa. Masana'antun zamani galibi da gishirin kuromiyam suke yi. Ruwan da ya fito daga Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, har madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta, shi da na unguwar masana'antu ta Challawa su shiga kogin Challawa. Shi kuwa kogin Challawa yana gamuwa da kogin Kano, su wuce Wudil, su ratsa ƙasar Ringim, su nufi Haɗeja. Kogi bai san iyakar jiha ba. Ran da ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, duk abin da ya ɗauko cikin laka a fadamunmu yake sauke shi. Don haka maganar gyaran ruwan masana'antun Kano maganar manomin shinkafa ce a Jigawa, ya kamata gwamnatocin biyu su riƙa zama a kanta, a riƙa auna ruwan da lakar a kan kari.

MAKARANTA A KAN JUJI

Ga wani labari da ya kamata kowane malamin ofis da malamin makaranta ya sani. A ƙasar Amurka, a garin Niagara Falls, akwai wani tsohon rami da ake kira Love Canal. Daga 1942 zuwa 1953 wani kamfanin haɗa sinadarai ya binne sharar guba wajen tan 21,000 a cikinsa, ya rufe da ƙasa. A 1953 hukumar makarantun garin ta karɓi filin a kan dala ɗaya tak, ko da yake an rubuta gargaɗi cikin takardar cinikin. Aka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ruwan sama ya yi yawa, guba ta fara ɓullowa a filin wasa da ƙarƙashin ɗakuna. A 1978 aka rufe makarantar, aka fara kwashe iyalai, a 1980 kuma majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman domin gyaran irin waɗannan wurare.

Ku duba inda kuskuren yake. Gargaɗin yana nan a rubuce, amma yana kwance cikin fayil, waɗanda suka sayi gidaje daga baya ba wanda ya gaya musu. Fili mai araha ne, hukuma kuwa tana neman inda za ta yi makaranta. Wane ne cikinmu bai san yadda ake zaɓen filin makaranta ba? Sau da yawa wurin da kowa ya ƙi, shi ake ba ta.

AIKIN MAI ZAYYANA

Mutane da yawa suna tsammani aikin mai zayyana gini shi ne ya zana ɗakuna da tagogi, ya ƙawata fuskar soro. A ƙasashen da suka daɗe da masana'antu aikin ya wuce nan. Tun da filayensu da yawa sun ɓaci, sai mai zayyana ya koyi fara aikinsa daga abin da ke ƙarƙashin ƙasa: ina gubar take, ina ruwa yake bi in an yi sama, ina yaro zai zauna, sa'an nan ya tsara ginin yadda shi kansa zai zama murfi da garkuwa.

A Jamus, a birnin Duisburg, akwai wata babbar masana'antar narkar da ƙarfe da aka rufe a 1985. Maimakon a rushe ta a kwashe ƙasar duka, abin da zai ci dukiya mai yawa, sai aka ba wani gwanin tsara filaye, Peter Latz, ya zana yadda za a yi da ita. Ƙasar da ta fi guba aka tara ta cikin tsofaffin rumbunan kankare na masana'antar, aka toshe, aka yi lambun furanni a bisa. Inda gubar ba ta da yawa aka bar tsirrai su yi aikinsu a hankali. Ruwan ƙazanta aka sa shi cikin bututu a ƙarƙashin ƙasa, aka bar magudanar sama ga ruwan sama kaɗai. Tun 1994 wurin, mai faɗin wajen hekta 180, ya zama wurin shaƙatawa.

Kila wani ya ce wannan ƙasar sanyi ce mai yawan ruwa. To, ga misali daga ƙasa mai zafi da duwatsu irin tamu. Wadi Hanifa kwari ne mai tsawon kilomita 120 da ya ratsa Riyad, babban birnin Saudiyya. Da birnin ya bunƙasa sai aka mai da kwarin wurin fasa dutse da ɗibar yashi da zubar da shara da ruwan ƙazanta. Daga 2001 hukumar raya birnin ta tashi gyara shi. Aka kwashe shara, aka daidaita gaɓar kwarin domin ambaliya, aka dasa itatuwan da suka saba da wurin. Ruwan kuwa aka bi da shi ta cikin jerin tafkuna ƙanana da aka shimfiɗa wa duwatsu, ana hura musu iska, ƙwayoyin halitta da gansakuka da kifaye suna cinye ƙazantar mataki mataki. A 2010 aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini. Yau mutanen Riyad can suke kai iyalansu shan iska da maraice.

Darasin da ke cikin waɗannan biyu ɗaya ne. Ba a ɓoye tarihin wurin ba, an san inda kowace guba take, kuma amfanin da aka zaɓa wa kowane yanki ya dace da abin da ke ƙarƙashinsa.

ABIN DA YA DACE DA DUTSE

Ba mu da dukiyar Jamus ko ta Saudiyya, amma ɓarnarmu ma ba ta kai tasu ba, nesa ba kusa ba. Abin da muke bukata shi ne bin aiki daki-daki: a tambayi tarihin fili, a auna ƙasarsa da ruwansa, a cire abin da za a cire, a rufe abin da za a rufe, a san hanyar ruwan sama, sa'an nan a zaɓi irin ginin da za a yi.

Tsohon filin makanikai, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin a haƙe ta, a baza a wani keɓaɓɓen wuri mai daɓen laka, a cuɗa da taki, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, kamar yadda ake gyaran gona. Cikin watanni man zai ragu ƙwarai. Filin kuwa a shimfiɗa masa laka a daɓe da siminti, a yi tashar mota ko rumfunan 'yan katako. Kada a haƙa rijiya a wurin, kada a yi lambu.

Wurin da aka daɗe ana fasa batir ana narka dalma, wannan ba ya jin taki. Sai yadda aka yi a Zamfara: a kankare, a binne cikin rami mai rufin laka nesa da ruwa, a kafa alama ta dindindin, a kawo sabuwar ƙasa. Ko bayan haka, gidan zama da makarantar yara su nemi wani wuri.

Kududdufin da aka cike da shara kuwa shekaru yake yi yana lotsawa yana fitar da iska mai kama wuta. Wanda ya aza harsashi a kansa zai ga bangonsa ya tsage kafin ya gama biyan bashin siminti. Irin wannan a rufe shi da laka da ƙasa mai kauri, a yi filin ƙwallo, a kewaye da darbejiya. Itatuwan inuwa ake dasawa a ƙasar da ake shakka, ba mangwaro ko zogale da za a ci ba.

Ramin fasa dutse da na jar ƙasa galibi ba guba gare su ba, haɗarinsu gaɓa mai tsayi da ruwa mai zurfi. Kusan kowace damina sai an ji labarin yaran da suka nutse a kududdufai a jihar nan. In mai zayyana ya kwantar da gaɓar, ya yi matakala, ya kewaye wurin, ya tsara mashigar ruwa da mafitarsa, ramin da ke cin rai sai ya zama matarar ruwa mai rage ambaliya a unguwa. In an auna ruwan an ga lafiyarsa lau, a yi renon dashen dabino a bakinsa, abin da Dutse ta yi suna a kai.

Akwai ma abin mamaki. Kachala, wadda ta toshe wa mutanen Haɗeja hanyoyin ruwa har suna kuka da ita, irinta ake dasawa da gangan a waɗansu ƙasashe cikin kwamin tace ruwan ƙazanta. Jema kuma da muke saƙa zana da faifai da ita, 'yar'uwarta ta ƙasar Indiya ake dasawa domin riƙe ƙasa da tsotse guba. In za a yi haka a nan, sai a killace kwamin don kada kachalar ta yaɗu, kuma abin da aka yanka kada a ba dabbobi, gama abin da ciyawa ta tsotsa yana cikin jikinta.

Sabbin wuraren sana'a kuwa, tun ran gini ran zane. Duk inda za a tsugunar da makanikai ko a kafa masana'anta, a yi daɓen siminti da rufi, a karkata magudana zuwa ramin da ke raba mai da ruwa, a ajiye ganguna na tara baƙin mai, wanda ma akwai masu sayensa.

ZANCEN KUƊI DA SANA'A

Mun san za a ce ina kuɗin, kuma tambaya ce ta gaskiya. Amsarmu ita ce a dubi ƙasar Ogoni. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ɓarnar man fetur a can zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma dala biliyan ɗaya za a fara da ita. Daɓen siminti a garejin unguwa buhu nawa ne? Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Za a kuma ce ana so a hana talaka neman abinci. Mu ba mu goyi bayan a kori kowa ba. Makanike da mai batir da mai fasa dutse su ne suka gina garin nan, kuma su da 'ya'yansu ne farkon masu shaƙar gubar. In aka kore su ba tare da an ba su wuri mai tsari ba, sai su matsa gaba kaɗan su ɓata sabon fili, a sami wurare biyu maimakon ɗaya. Nauyin gyara ya fi hawa kan manyan 'yan kwangila da kamfanoni. Doka ma tana nan: ta 86 ta 1992 ta wajabta a duba illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ɗora wa mai haƙa gyaran wurin da ya haƙa. Abin da ya rage shi ne a rubuta gyaran rami cikin takardar kwangila, a riƙe wani kashi na kuɗin sai an ga an yi.

RABON MALAMAI

A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda yake shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, akwai kuma malamin da ke riƙe da littafin gonaki da na haraji, wanda ya san kowane fili da mai shi. An yi kuka da tsananinsu, amma sun san ƙasarsu. En'e ta wuce tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Watau alƙalamin da ke ba da fili yanzu yana hannun magadan waɗancan malamai.

Shawararmu ita ce kowace ƙaramar hukuma, daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun da Ringim, ta buɗe littafi guda na filayen da aka taɓa yin sana'a mai ɓata ƙasa a kansu. A rubuta wurin, da irin sana'ar, da shekarun da aka yi ana yinta. Dagatai da masu unguwanni da dattawa sun san wannan duka a ka, amma dattijo ba ya dawwama, littafi kuwa yana nan. Kafin a sa hannu a takardar fili ko a amince da zanen gini, a buɗe littafin. In sunan filin yana ciki, a aika da ƙasarsa ɗakin gwaji na jami'a, kuma a rubuta sakamakon a jikin takardar mallaka, yadda duk wanda ya saya nan gaba zai gani. Wannan ba ya bukatar injin daga ƙasar waje, sai takarda da alƙalami da riƙon amana.

Malaman makaranta kuma suna da nasu rabon. Darasin labarin ƙasa ba zai fi daɗi ba kamar a fita da yara su zana taswirar unguwarsu, su tambayi kakanninsu me ake yi dā a kowane fili. Shugaban makarantar da aka ba sabon fili, ya tambayi tarihinsa kafin ya yi godiya. Yaron da dalma ta taɓa, a aji za a fara ganin alamarsa, ana ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali laifin na ƙasar da ya yi rarrafe a kai ne.

Kano da Kaduna sun riga mu kafa masana'antu, sun kuma riga mu ganin abin da suke bari a baya. Dutse tana da sa'ar da su ba su samu ba, domin yawancin ƙasarta har yanzu lafiya lau take, kuma wuraren da suka ɓaci ana iya ƙidaya su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun da sauran lokaci, ya kuma kiyaye mana zuriyarmu, amin.